Na bar abokina ya leƙa takardata, yanzu mu biyu aka tura gaban kwamiti

Dan_Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah shawara nake nema, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ina ajin ƙarshe a wata kwalejin ilimi, NCE 3, wannan zangon kawai ya rage min. Ranar Talatar da ta wuce muna rubuta jarabawar wani kwas mai lissafi a ciki, abokin ɗakina yana zaune a bayana. Yaron nan shekara uku muna ɗaki ɗaya, risho ɗaya, tukunya ɗaya, in garin kwakina ya ƙare nasa muke sha. A tsakiyar zangon nan mahaifinsa ya rasu, ya tafi gida ya yi kusan sati uku, ya dawo kansa ba ya ɗaukar komai. Ana cikin rubutu sai na ji ya zungure ni da biro, ya ce "ta uku" a hankali. Wallahi ban juya ba, ban ce uffan ba, abin da na yi kawai na zame takardata gefen benci na ɗauke hannuna daga kai. Ashe malamar da ke sa ido tana tsaye ta baya tana kallonmu. Ta karɓe takardunmu, aka ba mu fom muka cike, ni dai na rubuta abin da ya faru yadda ya faru. Jiya aka liƙa sunayenmu a allon sanarwa, ranar Alhamis mai zuwa za mu gurfana gaban kwamitin ladabtarwa.
Tambayata, ni da na yi karatuna ban saci amsar kowa ba, ta yaya za a haɗa ni da wanda ya kwafa a laifi ɗaya? Kuma a wajen Allah abin da na yi taimako ne ko ha'inci?

Ummu_Hanifa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan mahaifin abokinka, kai kuma Allah ya fitar da kai. Ka sanar da na gida tun yanzu ƙanena, kar su ji a bakin wani.

Bash_Kurna:
Ɗan'uwa ba ka yi komai ba wallahi, tsautsayi ne kawai da ba ya wuce ranarsa. Waye a cikinmu ya gama makaranta bai taɓa leƙa ta wani ba ko ba a leƙa tasa ba? Mutum yana cikin makokin ubansa ya zungure ka, sai ka kife takarda ka rufe da gwiwar hannu? Ni da ni ne ma miƙa masa zan yi gaba ɗaya. Ita malamar ce ya kamata ta yi kamar ba ta gani ba.

Malama_Asabe:
Dan_Gwammaja, ni malama ce a wata kwaleji kuma na yi shekara huɗu ina zama a irin wannan kwamitin, don haka bari in faɗa maka abin da za ka tarar, ko da ba zai yi daɗin ji ba. Ka nemo littafin dokokin ɗalibai da aka ba ku lokacin rantsar da sababbin ɗalibai, wanda na san yawancinku ba ku taɓa buɗewa ba, ka duba babin jarabawa. Za ka ga an ambaci wanda ya kwafa, an kuma ambaci wanda ya bari aka kwafa da saninsa. Kai kanka ka rubuta cewa ka zame takardar ka ɗauke hannu, to wannan shi ne "da saninsa".
Amma laifuffukan ba matsayinsu ɗaya ba. Wanda ya shigo da 'yar takarda a cikin safa, ko waya, ko ya ɗauko wani ya rubuta masa, ko ya yaga shaida, ko ya yi wa mai sa ido barazana, waɗannan su ne ake yawan kora gaba ɗaya. Leƙe yana ƙasa da su a yawancin makarantu, sau da yawa soke kwas ɗin ne ko dakatarwa na zango ɗaya ko biyu. Abin da littafin makarantarku ya ce shi za a bi. Ka je da wuri, ka sa kaya na mutunci, kar ka canja abin da ka rubuta a fom, abokinka kuma ya zo da duk wata shaidar rasuwar. Mu ma mutane ne, muna bambanta yaron da ya ce na yi kuskure da wanda ya zo yana rantse-rantse alhali takardu biyu suna gabanmu da kuskure iri ɗaya a layi ɗaya.

Bash_Kurna:
To Malama ina adalci a nan? Wanda ya kwana yana karatu da wanda bai karanta ba ku ba su hukunci ɗaya?

Malama_Asabe:
Bash, akwai wasu ɗalibai sama da ɗari a ɗakin, a cikinsu akwai wanda shi ma bai iya tambaya ta uku ba, ya zauna ya ciji biro ya bar wajen fili ya karɓi makinsa kaɗan. Shi fa ina nasa adalcin? Shi ba ya da aboki a benci na gaba.

Abu_Sumayya:
Ɗan'uwa tunda ka tambayi ɓangaren addini. A cikin Sahihu Muslim, Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa ciki sai ya ji danshi, ya tambaye shi, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ya ce me ya sa ba ka ɗora jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Takardar jarabawa ita ma kaya ce da ake nuna wa mutane, ana cewa ga abin da ke cikin kan wane. In aka ɗora amsar wani a sama aka ɓoye danshin a ƙasa, ka ga misalin ya zo daidai. Sannan aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta ce a taimaki juna a kan aikin alheri da taƙawa, kar a taimaki juna a kan saɓo da ƙetare iyaka. Niyyarka tausayi ce, ban musa ba, kuma Allah ya san zuciyarka. Amma lokacin taimakon shi ne sati biyun kafin jarabawa, da ka zaunar da shi a kan tabarma kun bi tsofaffin tambayoyi, ko ka raka shi wajen shugaban sashe ya nemi a ɗage masa jarabawar saboda rasuwa. Ka yi istigfari, ƙofar a buɗe take.

Dan_Gwammaja:
Malam na yi ƙoƙarin koya masa wallahi, dare biyu muka zauna, sai in ga yana kallon littafi hawaye na zuba. Maganar ɗage jarabawa kuma ba mu ma san ana yi ba.

Malama_Asabe:
Ana yi, kuma wannan laifinmu ne mu malamai da ba ma faɗa muku. Rashin lafiya da rasuwa dalilai ne da ake rubuta takarda a kansu ta hannun shugaban sashe.

Zee_Funtua:
Ni abin da ke ƙona min rai, kullum ɗalibi ne mai laifi. In ɓera da sata daddawa ma da wari. Akwai malamin da ya koyar da mu, in ba ka sayi handawut ɗinsa ba ka rubuta lambarka a takardar da kilas-raf ke riƙe da ita, to ko amsarka daga sama ta sauko sai ka ga kari-oba. Sau uku ya shigo aji a zango guda. Mu mata kuma akwai abin da ya fi haka muni da ba kowa ke iya faɗa ba, sai da BBC suka yi binciken nan a ɓoye a 2019 a jami'ar Legas da ta Ghana kafin mutane suka yarda ana yi. To shi wannan malamin wane kwamiti ya kira shi? Ba ina cewa sata daidai ba ce, amma a fara gyara daga sama mana.

Malama_Asabe:
Zee ba ki yi ƙarya ba, kuma ba zan kare su ba. Na san abokan aiki irin waɗannan. Malamin da ya sayar da maki ya fi yaron da ya leƙa laifi nesa ba kusa ba, don shi aka ba amanar. Sai dai ranar Alhamis in Dan_Gwammaja ya tsaya gaban kwamiti ya ce ai malamai ma suna yi, ba abin da zai ƙara masa sai fushinsu.

Lauya_Kabir:
Bari in ɗan ƙara ta fuskar doka. Satar jarabawa laifi ne a dokar ƙasa ba a dokar makaranta kawai ba. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta yi doka mai lamba 20 da ta sa ɗaurin shekara 21. Daga baya aka yi doka mai lamba 33 ta 1999, wadda a kan laifin maguɗi ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba ga wanda bai kai shekara 18 ba, malami ko mai sa ido kuwa shekara 4 ba zaɓin tara. Kar wannan ya tsorata ka, irin naka a cikin makaranta ake gama shi.
Abin da nake so ka riƙe shi ne kana da haƙƙin a saurare ka. A gaya maka abin da ake tuhumarka da shi, ka ji abin da mai sa ido ta rubuta, a ba ka damar magana. Sashe na 36 na tsarin mulki ke nan. Akwai shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri da Kotun Ƙoli ta yanke a 1986, an kori ɗalibai bayan wata tarzoma, kotu ta soke korar saboda ba a yi musu adalcin sauraro ba. Kuma in hukunci ya fito kana iya ɗaukaka ƙara a rubuce zuwa ga hukumar makaranta. Kar ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba.

Baba_Tsoho77:
'Ya'yana wannan cuta ta daɗe. Mu muna sakandare a 1977 lokacin da tambayoyin WAEC suka fita kafin jarabawa, har gwamnati ta kafa kwamitin bincike, kalmar ekspo da kuke faɗa tun wancan lokacin ta bazu. Amma bambancin, a zamaninmu in an kama yaro uban ne ke fara jin kunya, ya kasa zama a majalisa. Yanzu da idona na ga uba ya biya kuɗi an kai ɗansa wata makarantar ƙauye don a rubuta musu amsa a allo. Yaron da aka shigo da shi kwaleji ta haka me kuke so ya yi a ɗakin jarabawa? Dan_Gwammaja, abu ɗaya ya burge ni, ka rubuta gaskiya a fom. Riƙe wannan jikana.

Sister_Rahila:
Bash_Kurna ka ce kowa na yi, ni ina so ka zo asibiti ka ga inda abin ke ƙarewa. Ina aikin jinya shekara goma sha ɗaya. An taɓa kawo mana wata sabuwar ma'aikaciya da sakamako mai kyau, na ce ta lissafa min maganin yaro mai kilo takwas, ta riƙe sirinji tana kallona, ta zuƙo abin da ya ninka ƙa'ida. Da ban duba ba fa? Daga baya a ɗakin canja kaya ta yi kuka ta ce min wannan kwas ɗin ƙawarta ce ta taimaka mata a jarabawa. Ita ma ƙawar tausayi ta ji.

Bash_Kurna:
Sister wannan aikin asibiti ne, rai ne a ciki. Shi wannan NCE ne.

Malam_Firamare:
Haba Bash, NCE ce fa mafi ƙarancin takardar da ake koyarwa da ita a ƙasar nan, mu ne ake damƙa wa yara 'yan shekara shida. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka sa ba. Ƙungiyarmu ta NUT ta yi jayayya da yadda aka yi jarabawar, ni ma ina da ƙorafi a kai, amma wasu takardun da aka nuna ba wanda zai gan su bai ji kunya ba. Duk waɗannan da takardar shaida suka shigo. Malamin da bai iya kasafi ba yara sittin zai koya wa rashin iyawa duk shekara.

Mai_Kwamfuta:
Ku kuna maganar leƙen tambaya ɗaya. Ni shagon buga takardu nake aiki a bakin ƙofar wata makaranta, ku zo ku ga lokacin furojet. Akwai folda a kwamfutar shagon cike da tsofaffin ayyuka, ɗalibi zai zo ya ce a nemo masa mai kama da take nasa, a canja sunan ƙaramar hukuma, a canja shekara, a canja sadaukarwa, shi ke nan an ɗaure da baƙin bango. Wata rana an manta ba a canja godiya ba, yarinya ta kai aikin da ke gode wa matarsa da 'ya'yansa. Takardun tambayoyin bincike kuma a gindin bishiyar darbejiya mutum ɗaya zai cike guda ɗari da biro kala uku. Ni kaina na yi wannan aikin shekara biyu, yanzu na ce wa maigidana bugawa kawai zan riƙa yi, abin yana damuna, don kuɗin da nake ci da shi nake ciyar da iyali.

Abu_Sumayya:
Allah ya ƙara maka tsoronsa Mai_Kwamfuta, ya musanya maka da mafi alheri. Mu da muka gaji ilimin isnadi bai kamata a koya mana faɗar inda muka ɗauko magana ba. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi yana daga cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. A makarantar zaure ma malami cewa yake na ji daga malamina wane.

Sadiq_ND2:
To ni tambayata ChatGPT fa? Tun da ya fito a ƙarshen 2022 kusan duk ajinmu da shi ake asaimen. Ba daga littafin kowa ka kwafa ba, ba takardar kowa ka leƙa ba. Shi ma sata ne?

Malama_Asabe:
Sadiq in ka tambaye shi ya fahimtar da kai abin da ba ka gane ba, sannan ka rufe ka rubuta da kanka, ba ni da matsala. In ya rubuta ka sa sunanka a kai, ka ce min aikinka ne alhali ba naka ba ne, daidai yake da ka biya wani ya rubuta. Kuma yana ƙirƙiro sunayen littattafan da babu su a duniya, na kama ɗalibai da yawa ta nan. Ni ba na ma jiran Turnitin, manhajar gano kwafe, kiran yaro nake ofis in ce karanta min sakin layi na biyu ka faɗa min da Hausa abin da kake nufi. Minti biyu ya isa.

Issoufou_Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu ma nan haka abin yake wajen memwar, wato furojet, sai ranar sutnans, ranar kare aikin, malamai su yi tambaya ɗaya mutum ya tsaya yana zufa gaban iyayensa da suka zo da abinci da masu ɗaukar hoto. Amma ni ina tare da Bash a abu ɗaya, a al'adarmu an koya mana tun muna yara cewa wanda ya hana ɗan'uwansa abin da yake da shi marowaci ne. Yaro ya taso da wannan, sannan a ce masa a ɗaki kaza na awa uku wannan tarbiyyar ta zama laifi. Sai an zauna an fahimtar da shi dalili, liƙa doka a bango bai isa ba.

Zee_Funtua:
Kuma ƙasar ce ta mayar da takarda ta fi ilimi. Ba ku tuna ɗan jaridar Daily Nigerian ba, Umar Audu, da ya samo digiri daga Kwatano cikin sati shida a 2023 har ya shiga bautar ƙasa da shi, sai da gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a farkon 2024? Tun 1999 ma kakakin majalisar wakilai Salisu Buhari ya sauka a kan takardar digirin bogi ta Jami'ar Toronto. Yara suna ganin duk wannan.

Dan_Gwammaja:
Na gode ƙwarai, duk na karanta. Amma ga wata sabuwa. Yanzu abokin nawa ya shigo ɗaki, ya ce shi zai faɗa wa kwamiti cewa ban san yana leƙawa ba, ni kuma in ce a ruɗe na cike fom ɗin, takardar zamewa ta yi da kanta. Ya ce shi ya jawo min, gara shi kaɗai ya tafi. Har da kuka yana roƙona in yarda. Mahaifiyata ta sayar da tumakinta biyu ta biya min kuɗin wannan shekarar, ban san ta yadda zan kalle ta in ce an ƙara min zango ba.

Bash_Kurna:
Ka karɓa. Shi ya kawo da kansa, ba kai ka roƙe shi ba. Mutum ɗaya ya faɗi ya fi mutum biyu.

Lauya_Kabir:
A matsayina na lauya ba zan ba ka shawarar haka ba. Akwai rubutun hannunka, akwai rahoton wadda ta tsaya a bayanku ta ga hannunka ya ɗaga. In ka canja magana ka tashi daga ɗalibin da ya yi kuskure ɗaya ya amsa, ka koma wanda ya yi wa kwamiti ƙarya, kuma ka zubar da abu ɗaya tak da za ka nemi sassauci da shi.

Ummu_Hanifa:
Ni uwa ce, bari in faɗa maka ta ɓangaren mahaifiyarka. Za ta ji zafi, za ta yi faɗa, wataƙila ta yi kwana biyu ba ta sake maka fuska ba. Amma in ɗana ya zo ya ce Umma na tausaya wa maraya na yi abin da bai kamata ba kuma na faɗi gaskiya, zan iya ɗauka. Ka kira ta yau ba gobe ba, ka nemi addu'arta.

Issoufou_Damagaram:
Ni dai abokin nan naka ya ba ni tausayi fiye da kowa. Ya rasa uba, yanzu yana neman ɗaukar kayan mutum biyu. Ko me ka yanke kar ka bar shi shi kaɗai a ɗaki kwanakin nan.

Bash_Kurna:
Duk kuna da gaskiyarku, amma ba ku ne za ku biya kuɗin ƙarin zangon ba. Ni har yanzu ina ganin hukuncin ya fi laifin girma.

Malama_Asabe:
Ai ba a yanke hukuncin ba tukuna Bash. Dan_Gwammaja, kafin Alhamis ku je ku biyu wajen mai ba ajinku shawara ko shugaban sashe, ku faɗa masa komai har da rasuwar. Abokinka ya rubuta takardar neman sassauci da hannunsa ya haɗa da shaida. In akwai malamin da ya san halinka a shekara ukun nan ka roƙe shi ya rubuta maka 'yar takarda.

Dan_Gwammaja:
Na samo littafin dokokin a ƙasan akwatina, shafin jarabawar ma a manne yake ban taɓa buɗewa ba. Na kira Umma, ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce in turo mata lambar mahaifiyar abokina za ta yi mata ta'aziyya don ba ta samu ta yi ba. Shi kuma har yanzu yana kan bakansa, ya ce ko na ƙi shi abin da zai faɗa ke nan. Gobe da safe za mu je wajen shugaban sashe, in ya yarda ya bi ni. Malama_Asabe, takardar neman sassaucin sunan shugaban kwamiti za a sa a kai ko na magatakardan makaranta?